Allin Mai Walda

Keken ɗinkina ya tsaya cak a tsakiyar hannun riga, fanka ta fara jan jiki, na san an ɗauke wuta. Ban tsaya neman takalmi ba. Na ƙetare baranda da gudu na tura ƙofar da ke kallon tawa.

Baba Mai Walda yana zaune a bakin gado, ya dafa gwiwoyinsa da hannu biyu, kafaɗunsa suna hawa suna sauka. Na'urar da ke ba shi iska ta yi ɗan kukan nan nata mai tsinka zuciya, sannan ta yi shiru. Idanunsa sun firfito, kuma ni suke kallo.

"Ga ni, Baba. Ga ni nan."

Ya nuna tulun iska da haɓa. Na zare robar hancinsa daga jikin na'ura na soka ta a bakin tulun, na kama makunni na murɗa da iya ƙarfina. Ko motsi bai yi ba.

"Hagu," ya ce da ƙyar. "Kullum... sai na ce miki... hagu."

Na murɗa hagu, iska ta fara huci. Na durƙusa a gabansa har kafaɗun nan suka fara sassautawa. Da numfashi ya ɗan dawo masa, sai ya laluba aljihun rigarsa ya ciro guntun alli, irin wanda masu walda ke shata ƙarfe da shi kafin su yanka. Ya jawo tulun kusa ya zana masa kibiya a wuya, mai nuna hagu.

"Ga shi nan, maƙwabciya. Ko akuya ce ta shigo za ta gane."

"Na gode da yabo, Baba."

Gara in faɗa tun yanzu, ni matsoraciya ce ta ƙin ƙarawa. Ina yini da allura a hannu, amma in na ga ta asibiti sai an rirriƙe ni. Kyankyaso ya taɓa hana ni shiga ɗakin girkina yini guda. Ban taɓa ganin fitar rai ba, kuma na sha roƙon Allah kada ya nuna mini. Mijina direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya a kan gida. A duk benen nan ni kaɗai ke wuni a ɗaki, sauran kowa na fita nema. Haka aka yi mutumin da ke mutuwa ya faɗo a hannun wadda ta fi kowa rashin dacewa.

A da, shagon Baba ne a ƙasan benen. Tartsatsin wutarsa har bakin titi yake kaiwa, kuma in ya daka tsawa yara sukan watse har da waɗanda ba su yi laifi ba. Hayaƙin waldar ne ya cinye masa huhu a hankali. Yanzu shagon a kulle yake, shi kuma mai tsawar ba ya iya kai kansa banɗaki sai ya huta a hanya. Ya taɓa shafa tulun nan ya ce mini, "Duk rayuwata iskar nan nake ƙonawa ina yanka ƙarfe da ita. Yau ga ni ina roƙonta." Ya fi kowa iya karanta agogon da ke wuyan tulun, saboda haka ba a iya yi masa ƙaryar cewa da sauran iska.

'Ya ɗaya gare shi, amma Auta yake ce mata, wai tunda ita ce ta ƙarshe. Tana aiki a wani kamfanin magunguna a gari mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Ta zo lokacin da ciwon ya fara tsanani, ta sayo na'urar, ta ce za ta ajiye aiki ta zauna. Ya tattara ɗan ƙarfin da ya rage masa ya kore ta. Kullum da yamma takan kira shi, ni kuma ina ganin shirin da yake yi wa kiran. Zai gyara zama, ya ƙara ƙarfin iska, ya yi gyaran murya, sannan ya ɗauka.

"Lafiya lau. Na ci abinci. Yi aikinki."

Yana ajiye wayar sai ya kife a kan matashi yana haki kamar wanda ya hau benen nan da buhu a ka. Ya sa na yi masa alkawari ba zan gaya mata gaskiyar halin da yake ciki ba. Lambarta tana cikin wayata. Kowace safiya sai na buɗe na kalle ta, in tuna alkawari, in rufe.

Kafin ta tafi ta bar masa wani kwali a gefen gado. Littattafan zane ne, ƙanana masu kauri, bangonsu ya koɗe don tsufa. Likita ya ce tsoro na ƙara toshe numfashi, a sama masa abin da zai ɗauke masa hankali. Ni ban taɓa buɗe ko ɗaya ba, na ɗauka kayan yara ne. Shi kuwa ba ya jin Turancin da ke ciki, kuma ko da yana ji, idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe. Hotunan yake bi. Abin da na lura shi ne, duk ranar da ya duba su, numfashinsa ƙara lalacewa yake yi.

Ranar nan, bayan an dawo da wuta na mai da shi kan na'ura, ya ɗauko ɗaya ya miƙo mini gabana.

"Zauna ki ga abin da 'yata ta bar mini."

Ya buɗe da babban yatsansa mai tabon ƙuna. Ga wata yarinya mai tabarau da wani dogon yaro mai gashi a miƙe, su biyu a kan keke ɗaya, suna dariya baki har kunne.

"Kin gan su? Haka ake farawa. To, bi ni."

Ya dinga buɗawa. Ga yarinyar tana kuka a tashar jirgi. Ga yaron ya karɓe laima daga hannunta. Ga shi ya ɓuya a bayan ginshiƙi don kada ta gan shi. Can gaba jini ya ɓalle masa ta hanci.

"Ba shi da lafiya, yana ɓoye mata," in ji Baba. "Dubi nan kuma."

Ya koma wani shafi da ya tsallake, na duba. Yaron yana kwance a ƙasa, idanunsa sun zama fari fat, wani abu kamar farin hayaƙi yana fita ta bakinsa yana yin sama.

"Ransa ne," ya ce a hankali. "Ta baki yake fita. Haka aka zana."

"Baba, rufe littafin nan."

Bai rufe ba sai da ya kai ƙarshe. A shafin ƙarshe su biyun suna tafiya a titi ɗaya, ita da akwatin kayan gyaran keke, shi da jaka a kafaɗa, kowa na kallon gabansa. Babu wanda ya san wani.

"Duk haka suke, maƙwabciya. Na duba kusan rabin kwalin. A fara da dariya, a ƙare kamar ba a taɓa haɗuwa ba." Ya tsaya ya ja iska. "Haka muka yi da uwar Auta. Da na auro ta, a bayan kekena nake yawo da ita. Kafin ta rasu, sai mu yini a ɗakin nan ba wanda ya ce wa wani sannu. Ni na jawo. Bakina ba shi da daɗi."

Na gyara masa robar da ta zame daga kunnensa.

"Auta tana 'yar makaranta na kama ta da irin littafin nan a ƙarƙashin bargo. Na sauka da shi shago, na kunna wutar walda na ƙone shi a gabanta. Ba ta yi kuka ba, kallona kawai ta yi. Ashe ta ɓoye sauran." Ya buga kwalin da bayan hannu. "Yanzu ta jawo su ta ajiye mini a gefen gadon mutuwa. Ai magana ce ta gaya mini, kuma na ji."

"Wace magana?"

"Cewa ni da ita mun kai shafin ƙarshe. Abin da take yi mini, sauke nauyi ne. Ba zan sa ta zo ta tsaya a kaina don dole ba."

Na koma ɗakina, amma ɗinki ya ƙi yiwuwa. Na haɗa wuyan riga a baibai sai da na warware. Duk sanda fanka ta ɗan rage gudu sai in miƙe in leƙa ƙofarsa. Na daina shiga wanka sai maƙwabtan sama sun dawo. Ko kanti na sauka sayen burodi, idona yana kan ƙwan fitilar mai kanti, in ya ƙifta in bar canjina in ruga. Farin hayaƙin nan ya zauna mini a ƙwaƙwalwa. In Baba ya yi barci da baki a buɗe ba na iya kallon fuskarsa.

Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa duba shi ta ƙara mini. Bayan ta gama aune-aunenta ta ja ni baranda, ta sassauta murya.

"Ke 'yarsa ce?"

"Maƙwabciya ce."

"To, in akwai wanda ya kamata a kira, a kira shi. Kada a jira."

Da yammar nan Auta ta kira ni da kanta, abin da ba ta cika yi ba.

"Anti, don Allah ki gaya mini. Muryarsa ba ta yi mini ba."

Ƙofarsa a buɗe take, yana kallona daga kan gado. Ya girgiza kai sau ɗaya.

"Da sauƙi," na ce. "Zafin gari ne ke damunsa."

Na ajiye wayar ina jin haushin kaina, da nasa, da na yarinyar da ta yarda da ni. Tsoro biyu suka sa ni a tsakiya. Ina tsoron ya mutu a hannuna ni kaɗai, ina kuma tsoron in kira ta ya fusata, fushin ya ƙarasa shi a gabana.

Washegari da hantsi ya ƙwanƙwasa ƙarfen gado da cokali, alamar yana kirana. Ya rame a dare ɗaya, leɓɓansa sun yi duhu. Littafin mai keke yana kan cinyarsa.

"Kin yi makaranta, ko?"

"Na ɗan taɓa."

"Karanta mini abin da suke cewa. Ina so in san... me ya raba su. Ko laifin yaron ne."

Ba na so, amma ba a musu da mai wannan numfashin. Na jawo kujera na buɗe littafin yadda yake buɗe shi, yadda kowa ke buɗe littafin boko. Kafin hoton keken akwai wani shafi da yake tsallakewa kullum. An zana wata 'yar mage ta ɗaga hannu biyu, da manyan baƙaƙe a samanta. Na karanta a zuci, na sake karantawa, don Turancina ba abin dogaro ba ne.

"Me ta ce?"

"Ta ce... tsaya."

"In tsaya?"

"Ta ce, tsaya, ka buɗe ta baya. Nan ne ƙarshen littafin. Wai ta ɗaya gefen ake farawa, daga dama."

Ya zuba mini ido. Na juya littafin, na buɗe ta bangon da muke ɗauka baya ne. Ga titin nan, ga yarinya da akwatin gyaran keke, ga dogon yaro da jaka, kowa na kallon gabansa.

"Wannan ne shafin farko, Baba. Ba su riga sun haɗu ba."

Ya shafa shafin da babban yatsansa. Sannan ya ce, "Kamar littafin Larabci." Ya ja iska. "Na ga rubutun boko, ban kawo a raina ba. Magen nan kuwa... na zaci sannu da zuwa take yi mini."

"Ai ni ma ga ni da makarantata, wata nawa ina share ƙurar kwalin."

"Buɗe. A hankali."

Na fara karantawa ina fassara masa, inda na kasa in cike da nawa. Ashe yaron ba shi da wani ciwo sai kunya. Kekensa lafiya lau yake, shi ke sace iskar tayar da kansa kowace safiya don ya sami dalilin zuwa shagon yarinyar. In ya je kuma baki ya mutu, sai ya tambayi kuɗin kararrawa ya tafi. Kararrawa ta taru masa a ɗaki har ba wurin taka ƙafa. Haɓon da muka gani, kanta ta ɗago ba zato ta buge shi a hanci. Laimar kuwa ba karɓewa ya yi ba, ba ta ya yi, shi ya tafi gida a jiƙe.

"Sakarai," in ji Baba. Gefen bakinsa ya motsa.

Muka iso shafin farin hayaƙi. Na so in tsallake, ya dafe hannuna.

"Karanta."

Yarinyar ce ta kama shi tsugune yana sace iskar tayarsa. Ta tsaya a kansa da makullin gyara a hannu, ta ce tun makon farko ta sani. Shi ne ya zube ƙasa, hayaƙin ya fita. Na buɗe shafi na gaba da ɗar-ɗar. Ga yarinyar ta yi tsalle ta cafko hayaƙin ta wutsiya, ta cusa masa a baki, ta ce ya tashi ya biya kuɗin faci.

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Baba wanda ban taɓa ji ba. Na miƙe a firgice na nufi tulun, na zaci lokaci ne ya yi. Ashe dariya yake. Dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa, fuskarsa ta yi baƙi, na rungumo kafaɗunsa ina salati ina cewa na kashe uban mutane da littafin yara. Da ƙyar ya lafa. Hawaye na bin kumatunsa, kuma bai daina murmushi ba.

"Kunya ce," ya ce. "Ba mutuwa ba ce... kunya ce."

Muka ƙarasa. Kukan tashar jirgi ma, ta zaci tafiya zai yi, ashe kakarsa ya je tarowa. Shafin ƙarshe shi ne su biyu a kan keke ɗaya. Ya karɓi littafin ya riƙe a ƙirji, yana kallon kwalin.

"Duka haka suke?"

Na ɗauko wani na juya, na ɗauko wani. Kowanne da 'yar magensa a baya, kowanne ya fara da mutum biyu da ba su san juna ba.

"Duka, Baba."

"Ba ni waya."

Wannan karon bai gyara zama ba, bai ƙara iska ba, bai yi gyaran murya ba. Na latsa masa lambar na sa a bayyane, don hannunsa ba zai iya riƙewa ba.

"Baba? Lafiya, da rana tsaka?"

"Auta... littattafan nan naki."

"Manga, masu zanen nan? Ka duba su?" Muryarta ta yi sanyi, kamar mai jiran faɗa.

"Ta baya na yi ta karanta su."

Sai ta fashe da dariya, irin wadda ke kusa da kuka. "Baba, ta baya? Duka?"

"Rabin kwali. Na zaci... labarin rabuwa ne."

"Wayyo Baba. Ai babu rabuwa ko ɗaya a ciki, shi ya sa nake son su. Lokacin da gidan nan ya yi shiru, su nake shiga in ɓuya. Na san duk wautar da za a yi, a ƙarshe za a shirya. Na ce ko kai ma za su ɗebe maka kewa."

Ya rufe ido. "Wanda na ƙone fa?"

"Na sake sayen wani da kuɗin tara na makaranta. Yana cikin kwalin, mai koren bango."

"Ja'ira." Ya ja iska sau biyu, sau uku, tana jin komai. "Auta, ƙarya nake yi miki. Jikin ba daɗi. Maƙwabciya ma ni na sa ta. Ki zo... ki karanta mini mai koren. Turancin maƙwabciya duk kame-kame ne."

"Ina zuwa, Baba. Motar asuba zan shiga. Ka jira ni."

"Ina nan. Ina zan je?"

Da safe na same shi a farke, ya sa na jawo masa kwalin kan gado. Na bar shi da shi na je na dafa shayi, na yi wanka a gurguje, na dawo. Ya mai da littattafan ya rufe kwalin, mai koren bango kaɗai ya bari a waje. Ya ce kada in taɓa wannan, na Auta ne. Shayin ma kurɓa ɗaya ya yi. Auta ta kira daga tasha, ta sake kira daga hanya, ta ce kafin faɗuwar rana tana nan.

Duk watannin nan ɗaukewar wuta nake tsoro. Ranar kuwa ko ƙiftawa ba ta yi ba. Na'ura tana ta aikinta, fanka na juyawa, amma bayan azahar iskar ta daina isarsa. Na mai da shi kan tulu, na bi kibiyar na murɗa hagu har ƙarshe. Ya kalli agogon tulun, ya ga a cike yake, ya kalle ni. Mu duka mun gane. Na kira ma'aikaciyar jinya, ta ce ga ta nan tafe, amma tana can wani gefen gari. Na leƙa baranda na ƙwala kira, benen shiru, kowa yana wurin aiki.

Ƙafafuna suka ce in gudu. Wallahi har na kai bakin ƙofa da sunan zan nemo mai kanti. Sai na ji cokali a jikin ƙarfen gado, bugu ɗaya mara ƙarfi. Na juyo. Idanunsa sun firfito kamar na ranar nan, hannunsa yana lalube a kan bargo.

"Ina jin tsoro... maƙwabciya."

"Ni ma, Baba."

"Mai keken."

Na zauna a gefensa, na jingina shi da kafaɗata, na buɗe littafin ta dama. Baƙaƙen suna iyo a idona, na bar karatu na koma ba shi labarin da ka. Ga su nan a titi ba su san juna ba. Ga sakaran nan yana sace iskar taya. Ga kararrawa. Duk shafin da na buɗe, sai in ji numfashinsa ya ɗan jinkirta yana jiran na gaba. Kafaɗunsa suka daina tsalle. Na tuna masa kalmar shahada, leɓɓansa suka motsa tare da nawa, sannan ya taɓa takardar da yatsa, wato in ci gaba.

Muna shafin laima na ji nauyinsa ya ƙaru a kafaɗata. Na ci gaba da magana. Na ba da labarin tashar jirgi, da na kakar da ta sauko da kaya niƙi-niƙi, ban yarda na waiwaya ba sai da na kai su kan keken. Sannan na duba. Bakinsa a ɗan buɗe yake, kuma babu abin da na ga ya fita. Fuskar mutum ce kawai wanda ya gaji ya samu ya huta. Na rufe masa ido, na zauna a wurin ina kuka har ma'aikaciyar jinya ta shigo ta kashe tulun.

Rana ta yi ja a jikin labule lokacin da na ji takun Auta a matakala, tana hawa da gudu. Ta ga takalman maƙwabta a ƙofar, takun ya tsaya. Ta shigo da jakarta a kafaɗa, ta durƙusa a gaban gadon ta daɗe. Da ta ɗago, ni ta nema.

"Anti, shi kaɗai ne?"

"Ina tare da shi."

"Ya ji tsoro?"

"Ya ji, da farko. Daga baya muna karatu."

Ta gyaɗa kai. Ta ga mai koren bango a gefen matashi, ta ɗauka, sai ta tsaya tana kallonsa. A jikin bangon, wanda ake farawa ta kansa, akwai kibiya da farin alli. Ta jawo kwalin ta buɗe, ta fara fito da su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne da tasa kibiyar. Na farkon a miƙe suke kamar an sa ma'auni, na ƙasan kwalin sun karkace, ta ƙarshe ko kai ba ta da shi. Guntun allin yana can ƙasa, ya kusa ƙarewa.

Ta zauna a ƙasa ta jingina da gadon, ta buɗe mai koren ta inda ya nuna. Farin allin ya kama mata yatsu, ba ta goge ba.